Sauka a Ƙananan Filayen Jirgin Sama na Tsaunukan Alps: Me Ake Samu, Me Ake Rasawa?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina zaune a Manchester da maigidana da yaranmu biyu, babban shekararsa 10, ƙaramar 7. 'Yan ajinsu sun cika musu kunne da labarin zamiyar ƙanƙara, su kuma sun hana mu sakat, har muka yanke shawarar kai su a hutun tsakiyar zango na watan Fabrairu. Babu wanda ya taɓa yi a cikinmu. Wurare biyu muke dubawa, La Plagne a Faransa da Alpbach a Ostiriya. Na ga akwai jirgi kai-tsaye daga nan zuwa Chambéry (na La Plagne) da kuma Innsbruck (na Alpbach), ƙananan filaye da ke gindin duwatsun. To amma wata abokiyar aikina ta ce in rufa wa kaina asiri in bi ta Geneva ko Munich, domin su sun taɓa tashi za su Chambéry suka tsinci kansu a Lyon. Maigida kuma ya ga bidiyon wani jirgi yana sauka a kan dutse, tun daga nan hankalinsa bai kwanta ba. Shin akwai haɗari a waɗannan filaye? Kuma wanne ya fi dacewa da mu? Dukkanmu fasfon Najeriya muke riƙe da shi.

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya yaran, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Abokiyar aikinki ta faɗi gaskiya, amma rabinta ta faɗa. Ƙaramin filin da ke cikin kwari yana rage miki zaman mota, wani lokaci da awa ɗaya, wani lokaci fiye. Abin da yake karɓa a madadin haka shi ne mafita idan rana ta ɓaci. A kan wannan cinikin duk maganar take, kuma yadda kika sayi tafiyar shi ne zai nuna ko kin ci riba ko kin faɗi.

Bari in fara da damuwar maigida, tunda ita ta fi nauyi. Ina kyautata zaton bidiyon da ya gani na Courchevel ne, domin shi ya fi yawo a intanet. Wannan fili yana can sama da mita 2,000 a kan dutse, titinsa mita 537 kacal, kuma a gangare yake, jirgi yana sauka yana hawan tudu don ya tsaya. Ƙananan jirage masu farfela da masu saukar ungulu ne ke zuwa can, na masu hannu da shuni. Jirgin da zai ɗauke ku daga Manchester ba zai je kusa da shi ba. Innsbruck da Chambéry filaye ne na sosai, kowanne titinsa kimanin mita 2,000, kuma Boeing 737 da Airbus A320 suna sauka a kansu duk hunturu.

Duk da haka ba a ɗauke su kamar sauran filaye ba. Kamfanonin jirage suna sanya su a rukunin da ake kira C, wanda ba kowane kyaftin ake turawa ba. Sai ya yi horo na musamman a kan wannan filin a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, ko ya zauna a bayan wani kyaftin ya ga yadda ake shiga kwarin, sannan a rubuta masa izini, kuma izinin yana ƙarewa a sabunta shi. Tsaurin nan yana da tushe. A ranar 29 ga Fabrairun 1964, wata guda bayan Innsbruck ta buɗe gasar Olympics ta hunturu, wani jirgin kamfanin British Eagle da ya taso daga Landan ya bugi dutsen Glungezer a cikin gajimare yana neman hanyar shiga kwarin, mutum 83 da ke ciki duka suka rasu. A wancan zamani, da idonsa matuƙi ya fi dogara a wannan fili. Yau jirgi yana bin hanyar da tauraron ɗan'adam ya zana masa a tsakanin duwatsun, kuma akwai na'urar da ke ɗauke da taswirar ƙasa tana yi wa matuƙi ihu tun kafin ya kusanci tudu. Ki gaya wa maigida cewa wannan taka-tsantsan ɗin ne ya kai abokiyarki Lyon. Matuƙin ya duba bai ga abin da doka ta ce ya gani ba, ya juya. Ni a wurina wannan labari ne mai kwantar da hankali.

Yana da kyau ki fahimci dalilin juyawar, domin da shi za ki zaɓi lokacin tashi. Duk jirgin da ke saukowa cikin hazo yana da wani tsayi da aka ƙayyade masa. Idan ya iso wannan tsayi, matuƙi zai ɗaga kai daga na'urori ya duba waje. In ya ga fitilun titi ya sauka, in bai gani ba ya ba injina wuta ya sake tashi sama. A manyan filaye da ke shimfiɗe a sarari, irin su Munich, wannan tsayi yana iya zama ƙasa ƙwarai, har jirgi ya sauke kansa da kansa cikin hazon da mutum ba ya ganin ƙarshen fiffike. Abin da ya ba da damar haka shi ne in an fasa sauka babu komai a gaba sai sarari. A Innsbruck akwai jerin duwatsun Nordkette ta arewa, sun haura mita 2,300, ga Patscherkofel ta kudu mai mita 2,246, filin kansa kuma yana ƙasa a mita 581. Masu lissafi ba sa tambayar ko jirgi zai iya sauka. Tambayarsu ita ce, in ya fasa sauka a daƙiƙar ƙarshe, kuma a daidai lokacin inji ɗaya ya mutu, zai iya hayewa ya fita daga kwarin da injin da ya rage? Don amsar ta zama e, dole a yanke shawara tun jirgi yana sama sosai. Saboda haka gajimaren da ba zai hana kowa sauka a Munich ba yana iya rufe Innsbruck. Duk wanda ya taɓa zaman jiran jirgi a Kano ranar da hazon hunturu ya sauko ya san yanayin: jirgi lafiyarsa ƙalau, matuƙi a shirye, hanya ce kawai ba a gani.

Chambéry ta fi fama da wannan. Filin yana bakin tafkin Bourget ta kudu, kuma jirgi yana shigowa ne daga arewa, ya bi tsawon tafkin, dutse a dama dutse a hagu. Wanda ke zaune ta taga zai ga itatuwa da gidajen gefen dutse daidai da idonsa, ruwa a ƙasa, sai titi ya bayyana kamar daga cikin tafkin ya fito. Gangarar saukar ma ta fi ta sauran wurare tsanani: a yawancin filaye digiri 3 ce, a nan ta haura 4. In iska tana busowa daga arewa, ba za a iya sauka kai-tsaye ba, sai matuƙi ya wuce filin ya kewayo a cikin kwarin da idonsa ya shigo ta ɗaya ƙarshen, wanda ke buƙatar sarari mai kyau fiye da na farko. Ga kuma tafkin da kansa. A daren hunturu mai sanyi da babu iska, iska mai sanyi tana gangarowa ta kwanta a gindin kwari, ta haɗu da damshin ruwa, gari ya waye da hazo a ƙasa alhali a kan duwatsu rana ce tas. Mutanen da ke zamiya a can sama suna kallon farin gajimare a ƙarƙashinsu, ba su san jirage na ta shawagi suna jiran ya yaye ba.

Ita Innsbruck abin da aka fi saninta da shi iska ce da suke kira föhn. Tana tasowa daga kudu, ta tsallako mashigar Brenner daga ɓangaren Italiya, ta gangaro da ƙarfi da ɗumi ta faɗa kwarin Inn daidai kan birnin. Ranar föhn sama takan yi garau, amma jirgi yana girgiza sosai a mintunan ƙarshe. Ta fi yawa kafin shigar hunturu da kuma bayan fitarsa, sai dai a Fabrairu ma ana samunta. In kuka dace da irin wannan rana, ki gaya wa yaran tun da wuri cewa jirgi zai yi rawa, ki ɗaure musu bel da kyau, ki ajiye ledar amai kusa. In kuka ji injina sun ɗauki ƙara jirgi ya sake yin sama ana dab da sauka, abu ne da aka saba, an koya wa matuƙi shi, kuma ya ɗauki man da zai ishe shi sake gwadawa ko wucewa wani fili.

Kada wannan bayani ya sa ki zaci kullum haka ake. Mafi yawan jirage suna sauka inda aka nufa, a kan lokaci ko kusa da shi. Ana maganar ranar da ba ta zo daidai ba ne.

Yanzu ga ribar. Daga filin Innsbruck zuwa Alpbach ƙasa da awa ɗaya ne a mota. Daga Munich kusan awa biyu, in hanya a sake take. Daga Chambéry zuwa La Plagne ki ƙiyasta awa ɗaya da minti 45, daga Geneva ko Lyon kuma awa biyu da rabi zuwa uku. Ban da wannan akwai lokacin da ake ɓatawa a cikin filin kansa. A Innsbruck za ku sauko daga matakalar jirgi, ku taka 'yan taku ko bas ya ɗauke ku na minti biyu, ga jami'an duba fasfo, ga kaya, ga ƙofar fita, bas ɗinku na tsaye a bakinta. Ga mai yara biyu da jakunkuna huɗu cike da rigunan sanyi wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma ba na raina shi.

Sai dai ƙanƙantar nan tana da wata fuska. A 2019 filin Geneva ya ɗauki fasinjoji kusan miliyan 18, Munich kusan miliyan 48, Innsbruck ya ɗan haura miliyan ɗaya, Chambéry kuwa wajen dubu 200, kuma yawancinsu a Asabar da Lahadin watannin hunturu suka bi. Ginin da ke zaman shiru duk mako shi ne ranar Asabar zai cika maƙil, layin duba fasfo ya kai har waje, kujeru su ƙare, mutane su zauna a kan jakunkunansu, shagon abinci ya kasa ɗaukar jama'a. Birtaniya ba ta cikin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da suka daina duba fasfo a tsakaninsu, saboda haka duk wanda ya zo daga can sai an tantance shi ɗaya bayan ɗaya, kuma daga Oktoban 2025 aka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a iyakokin Schengen. In jirage uku suka sauka a jere a filin da teburan jami'ai ba su da yawa, ribar lokacin nan tana iya narkewa a kan layi.

Ba a nan gizo ke saƙar ba ma. Babbar matsalar ita ce ƙarancin jirage. Tsakanin Manchester da Geneva ana tashi kusan kowace rana a lokacin hunturu, a ranar Asabar fiye da sau ɗaya, kuma easyJet yana da mazauni a Geneva, wato akwai jirage da ma'aikata a wurin. In an soke naku, akwai wani gobe, ko ta Landan, ko ta Zurich. Zuwa Chambéry kuwa kamfani yana iya kasancewa da jirgi ɗaya tak a mako daga garinku. In ya faɗi, na gaba sai Asabar mai zuwa, kuma a makon hutun makarantu a cike yake. Ƙari a kan haka, in ma'aikatan jirgin suka cinye awannin aikinsu wajen jira, ba kowane kyaftin da ke jiran kira a gida ne ke da izinin shiga filin ba. Waɗannan filaye kuma ba sa aiki cikin dare, saboda haka jirgin yamma da ya makara sosai yakan rasa damar sauka gaba ɗaya ko da sama ta washe.

Daga nan za ki ga lokacin da ya fi. Hazo ya fi kauri da sassafe, yakan yaye da hantsi. Jinkiri kuma yana taruwa ne yayin da yini ke tafiya. Jirgin da aka tsara zai sauka tsakanin hantsi da azahar shi ne na fi so: in ya makara akwai sauran rana a gaba, kuma za ku hau dutse da haske. A Fabrairu kafin ƙarfe shida na yamma duhu ya fara shiga.

To, a ce an juya da ku. Doka tana tare da ku har wani matsayi. Tikitinku na Chambéry ne, don haka wajibi ne kamfani ya kai ku Chambéry, yawanci a bas daga Lyon ko Grenoble ko Geneva. Na Innsbruck galibi Munich ko Salzburg ake kai su. In an daɗe ana jira dole ya ba ku abinci, in an kwana ya ba ku masauki, in an soke tafiyar ya ba ku zaɓi tsakanin mayar da kuɗi da sama muku wata hanya. Wannan yana cikin dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004, wadda Birtaniya ta riƙe irinta bayan ficewarta. Diyyar kuɗin da ake yawan magana a kai, Yuro 250 ko fam 220 ga kowane mutum a gajeriyar tafiya irin wannan, ba a biyanta in yanayi ne ya jawo, domin ba laifin kamfani ba ne. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai sun cika takarda an ƙi su.

Abin da doka ba ta rufe ba shi ne duk abin da kika saya daban. A nan ne bambancin yake tsakanin iyalai biyu da suka zauna a jirgi ɗaya. Na farko sun sayi hutun a dunƙule daga kamfani ɗaya, irin su Crystal ko Inghams: jirgi, bas, masauki. Kamfanin ya san inda jirginsa ya sauka, wakilinsa yana da sunayensu a takarda, bas zai zo Lyon ya kwashe su, wani lokaci ma ya wuce da su kai-tsaye zuwa dutse ba tare da an koma Chambéry ba. Sun makara, sun gaji, amma ba su kashe ko kwabo ba. Na biyu sun sayi tikiti da kansu, sun biya wani direba daban, sun kama ɗaki daban. Direban yana tsaye a Chambéry da allo mai sunansu, su suna Lyon. Ranar Asabar ce, yana da wasu fasinjoji bayan awa biyu, ba zai iya jira ba, kuma takardar yarjejeniyarsa ta ce awa ɗaya yake jira. Bas ɗin kamfanin jirgi ya ajiye su a Chambéry da dare, ofishin motocin haya ya rufe, tasi zuwa La Plagne a irin wannan lokaci ɗaruruwan Yuro ne, mai ba da mabuɗin ɗaki kuma ya tashi. Na sha karɓar kiran irin wannan iyali, kuma abin da zan iya yi musu a wannan lokaci kaɗan ne: in nemo musu otal kusa da tashar jirgin ƙasa, da safe su hau jirgin ƙasa zuwa Aime, garin da ke gindin La Plagne, su ƙarasa a bas.

Shi ya sa ƙa'idata mai sauƙi ce. In za ki bi ƙaramin fili, ki saye shi a dunƙule, ki kuma tabbatar an ba ki takardar ATOL, wadda ke kare kuɗinki in kamfanin ya durƙushe. In kin fi son haɗa tafiyar da kanki, ki bi Geneva ko Zurich ko Munich, inda jirage suka yi yawa kuma akwai tashar jirgin ƙasa a cikin filin.

Ranar dawowa ta fi ranar zuwa muhimmanci, kuma ita mutane suka fi mantawa da ita. Jirgin da zai mayar da ku gida shi ne wanda ya kawo sababbin baƙi da safe. In bai samu sauka ba, babu jirgi a ƙasa. Za a tara ku a bas a kai ku inda ya sauka, a sake duba kaya, a sake bin layi. Ga mai aiki ranar Litinin da yara masu makaranta, dawowa ranar Asabar tana barin kwana ɗaya na rara, dawowa ranar Lahadi ba ta barin komai.

Wannan ya kawo mu ga fasfonku. Izinin zama a Birtaniya ba ya shigar da ku Turai, sai da bizar Schengen. Ana nema ne a ofishin ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta, wato Ostiriya in Alpbach ne, Faransa in La Plagne ne, ko da ta Geneva za ku shiga. Faransa, Ostiriya, Jamus, Italiya da Suwizalan duk suna cikin Schengen, saboda haka in an juya da ku daga Innsbruck zuwa Munich bizarku tana aiki, babu abin fargaba. Kuɗinta Yuro 90 ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Ana iya nema tun saura wata shida, kuma ina ba ki shawara kada ki wuce Nuwamba, domin samun ranar ganawa shi ne wahalar. Abin da nake so ki lura da shi musamman: a jikin bizar akwai adadin kwanakin da aka yarda ku zauna, kuma ga mai nema karon farko akan ba da daidai abin da ya rubuta. In kin rubuta kwana takwas aka ba ki takwas, sannan jirgin dawowa ya kwana, kun shiga rana ta tara. Ana iya yin bayani da takardar kamfanin jirgi, amma gara a kauce wa bayanin tun farko. Ki nemi kwana ɗaya ko biyu fiye da na hutun, inshorar ma ta rufe su. Inshorar da ofishin biza ke buƙata ta Yuro 30,000 ce, sai dai yawancin irinta ba sa ɗaukar raunin zamiya sai an ƙara wannan sashe da gangan. Sauko da wanda ya ji rauni daga kan dutse kuɗi ake biya a Faransa da Ostiriya, in da jirgi mai saukar ungulu ne kuwa dubban Yuro ne.

Akwai kuma hanyar mota, wadda babu filin da zai cece ki daga ita in La Plagne kika zaɓa. Manyan wuraren zamiya na kwarin Tarentaise, su Méribel, Courchevel, Val Thorens, La Plagne, Les Arcs, Tignes da Val d'Isère, duk hanya ɗaya ce ke kai musu baƙi, wadda ta tashi daga Albertville ta bi ta Moûtiers. An faɗaɗa ta don gasar Olympics ta 1992, amma a Asabar ɗin Fabrairu, lokacin da hutun makarantun Faransa ya haɗu da na Birtaniya, dubban motoci ne ke shiga wasu dubbai na fita. Ko daga Chambéry kika taso ko daga Geneva ko Lyon, a Albertville za ku haɗu, kuma tafiyar awa biyu tana iya zama huɗu. Bayan Aime kuma akwai hawan kusan rabin awa mai kwana-kwana, wanda yakan juya cikin yara.

In ni ne a matsayinku, Alpbach zan zaɓa, ta Innsbruck, a dunƙule. Dalilina ba ya tsaya ga kusancin fili. Alpbach tana gefen kwarin Inn, kusa da babbar hanyar da ta haɗa Innsbruck da Munich da Salzburg. In jirgi ya kasa sauka a Innsbruck aka kai ku ɗaya daga cikin biyun nan, ba ku yi nisa ba, hasali ma bas ɗin da zai mayar da fasinjoji Innsbruck ta kusa da mahaɗar Alpbach zai wuce. Jirgin ƙasan Munich zuwa Innsbruck ma yana tsayawa a Wörgl da Jenbach, duka kusa. Asarar da za ku yi a rana mara kyau awa biyu ce ko uku. Ƙauyen kansa yana kimanin mita 1,000, ƙasa da Plagne Centre da ke kusan mita 2,000, kuma ga waɗanda ba su saba da tudu ba barci da numfashi sun fi sauƙi a daren farko. Faɗin La Plagne kuwa, wanda shi ne abin alfaharinta, masu koyo ba za su taɓa ko kashi ɗaya cikin goma nasa ba a makon farko.

In maigida ya ƙi Innsbruck duk da wannan bayani, kada ki matsa masa, akwai Salzburg. Shi ma ƙaramin fili ne mai sauƙin sha'ani, amma titinsa mita 2,750, kuma ta arewa ƙasa a buɗe take, jirage suna shigowa ta sarari ba ta cikin matsatsin kwari ba. Daga can zuwa Alpbach kimanin awa ɗaya da rabi ne ko ɗan fiye. Ana samun jirgi kai-tsaye daga Manchester a lokacin hunturu.

Motar haya ban ba ku shawara ba a tafiyar farko. Ostiriya tana wajabta tayoyin hunturu daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu in hanya na da ƙanƙara, yankunan duwatsu na Faransa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris suna buƙatar su ko sarƙar taya, ga tuƙi a hannun da ba ku saba da shi a Birtaniya ba. Motar kuma mako guda za ta yi a ajiye.

Wajen kaya, kun yi sa'a ba ku da allunan zamiya na kanku. Ku yi hayar su a can tare da takalma da hular kwano, domin dogayen jakunkunan nan su ake fara bari a ƙasa in jirgi ya yi nauyi ko rumbun kaya ya cika, kuma a filin da jirgi ke zuwa sau ɗaya a mako, jakar da aka bari tana iya ɗaukar kwanaki kafin ta iso ta wata hanya. Kowa ya shiga jirgi sanye da rigar sanyinsa da takalmi mai kauri. A jakar hannu ki sa wa kowane yaro wandon zamiya, safar hannu, safar ƙafa da rigar ciki mai ɗumi, yadda ko akwati bai zo ba za su iya shiga darasin safiyar Lahadi, tunda makarantun koyon zamiya a farkon mako suke raba azuzuwa kuma wanda ya rasa ranar farko yakan sha wahalar kamo sauran. Magunguna da cajar waya su ma a hannu. Ki yi guzurin abin da zai riƙe yara awa huɗu ko biyar, dabino, biskit, gyaɗa, amma ban da kilishi ko dambun nama ko wani abu mai madara irin su cuku: tun daga Janairun 2021 an hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga Birtaniya cikin Tarayyar Turai, kuma in jami'in kwastan ya gani zai karɓe. Lambar wakilin kamfanin da adireshin masaukinku ki rubuta su a takarda ki sa cikin fasfo, saboda sanyi yana saurin cinye batirin waya.